Shekarar da Kwamfutar Babanku Ta Nemi Izini

Duk Sallah in kuka taru a falon nan na Malali, sai Hadiza ta ɗauko labarin ranar da na kira yayanku a waya, kuma kowace shekara sai ta ƙara masa gishiri. Bara cewa ta yi wai mafarki na yi. Bana na ji tana faɗa wa jikokina wai rashin lafiya ce ta sassauta mini zuciya. Ban yi mafarki ba, lafiyata kuma ƙalau take a lokacin, in ban da gwiwar nan da kuka san ta. Tun da Allah ya ara mini rai har na zauna rubuta tarihina, bari in faɗa muku yadda aka yi, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Kwamfuta ce ta jawo, kwamfutar babanku, a shekarar da ya rasu.

Sai na fara da abin da jikokina ba su tarar ba. A cikin birnin Zariya aka haife ni, a gidan da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta zama da shi a tabarma ɗaya, in tana da saƙo sai ta ba wani ya kai. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma mu da muka tashi a cikinta ba mu taɓa ɗaukarta ƙiyayya ba. Da na haifi yayanku, ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, bai dawo hannunmu a Kaduna ba sai da zai shiga sakandare. Na riƙe abin da na gada. In ina son ya ci abinci sai in ce, ku gaya wa yayanku an sauke. Maƙwabta suka fara laƙaba mini sunansa kamar yadda ake yi a Kaduna, na ƙi amsawa har suka gaji suka koma kirana Maman Hadiza, alhali Hadiza ce ta uku. A ma'aikata kuwa, inda na fara da buga tafireta na ƙare a matsayin sakatariya, sunayen da na buga Allah kaɗai ya san yawansu. In na ci karo da mai sunansa yatsuna sukan buga, su ba su da kunya, amma in shugabana ya ce in karanto masa sai in ce mai sunan yaron gidanmu. Da wayar hannu ta zo na ajiye lambarsa da suna Na Kurmin Mashi, unguwar da ya zauna bayan ya yi aure, ban kuma taɓa danna ta ba.

Ni a zatona ya sani. Ban tsaya na lura cewa shi ba a cikin birnin Zariya ya yi samartaka ba, a Kaduna ya yi, cikin abokai da uwayensu ke ƙwala musu kira tun daga bakin ƙofar makaranta ranar ziyara. Kowace Juma'a yakan zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina ya gaishe ni, in amsa ina kallon talabijin, ya tashi ya shige ɗakin babansa. Can sai in ji suna ta dariya. Nakan rage ƙarar talabijin don in ji su.

Shi ya saya wa babanku kwamfutar da ya yi ritaya, shi ya saita masa komai. Babanku kuma yana da wata tsohuwar kyamara, sai ya tsiri ɗaukar kansa. Ya zauna a baranda cikin singileti ya yi ta ba da labarin hanyoyin da suka shimfiɗa, da garuruwan da motarsu ta kafe, in na zo wucewa ya juyo kyamarar kaina yana tsokana. Nakan ce masa wa zai kalli tsoho yana surutu shi kaɗai. Ashe ni ce zan nema.

Da ya rasu na shiga takaba, Goggo Delu, yayarsa, ta zo daga Zariya ta zauna da ni. Kun san Goggo, mace ce mai tsare gida, kuma tana sona tun ina amarya. Bayan sadakar arba'in jama'a suka watse, gida ya yi tsit. Wata rana da hantsi na zuba shayi, sai na tuna yadda babanku kan ce, Lami, wannan shayi ne ko ruwan alwala. Kalmomin suka zo mini sarai, amma muryar ta ƙi zuwa. Na nema, na nema, kamar mai laluben allura a cikin buhun gero. Tsoro ya kama ni, don ban taɓa sanin murya ita ma tana ɓacewa ba, kuma tun ba a je ko'ina ba. Na ajiye kofin na ɗauko kwamfutarsa.

Buɗe ta bai ba ni wuya ba, babanku lambar motarsa ce kalmar sirrinsa a komai. Ga bidiyon nan reras. Na danna na farko, manhajar da yake kallo da ita ta leƙo ta koma. Na sake, ta sake. Akwai wata manhajar da kwamfutar ta zo da ita tun daga kanti, na gwada da ita, sai ga babanku a baranda, bakinsa na motsi, hannunsa na nuna gabas, amma ko tari babu. Wannan ya fi rashin ganinsa ciwo, na rufe. Da Hadiza ta biyo daga wurin aiki ta duba, ta ce manhajar ce ta lalace, ita kaɗai ce kuma ta iya muryar wannan tsohuwar kyamarar, maganinta a cire ta a sake saka sabuwa. Washegari ta kawo mini sabuwar a filash ta ce in danna sau biyu kawai in bi abin da ta ce.

Na danna. Allon ya dushe, wani akwati ya fito tsakiya yana tambaya da Turanci ko na yarda wannan manhaja ta yi canji a cikin na'urar, in na yarda in saka kalmar sirrin admin. A ƙasa kuma ga sunan yayanku cikakke, da na babansa a jere, yana kallona. Na kawar da kai kamar shi ne ya shigo ɗakin. Daga baya na saka lambar motar, akwatin ya ce ba ita ba ce.

To ni dai kun san halina, abu in ya ƙi ni sai na san dalilinsa. Na yi shekaru da tafireta ba ta taɓa tambayata ko ni wace ce ba, kwamfutar ofis ma akwai masu kula da ita, namu bugawa ne. Yanzu ga ni a zaune, ba fita, ba aiki, ga abu a kan cinyata yana ce mini ba ni da izini. Sai na mai da shi sana'a. Na gano in ka danna ɓangaren dama na linzamin kwamfuta akwai inda aka rubuta a kunna a matsayin admin, na yi murna na ce na kama ɓarawon hanya, na danna, akwatin nan dai ya sake fitowa. Na ce to bari in fara cire tsohuwar, nan ma shi. Na bi sawu har na gano jakar da tsohuwar manhajar ke kwance, na ce a goge, aka ce sai da izinin admin. Na kashe na kunna. Na ce wa sabuwar ta sauka a wata jaka da na buɗe da kaina, ita ma ba ta ko fara ba. Abin ya daina ba ni haushi ya koma ba ni mamaki: yaya ƙarfe ya san akwai babba akwai ƙarami?

Hadiza ce ta warware mini. Ta ce in ɗauki kwamfuta kamar gidan haya. Akwai mai gida, shi ne admin, akwai ɗan haya. Ɗan haya zai share ɗakinsa, ya jera kayansa yadda yake so, amma ba zai fasa bango ko ya sake ƙofa ba sai mai gida ya sa hannu. Muka shiga inda ake ganin masu amfani da na'urar, sunaye biyu ne, yayanku mai gida, babanku ɗan haya. Na ce yaya aka yi haka? Ta ce ai Baba duk tallar da ta yi masa alkawarin maganin ciwon suga sai ya danna, ya yi ta kwaso wa kwamfutar cuta, Yaya ya gaji da gyara ya sauke shi daga muƙami ba tare da ya gaya masa ba. Mutumin da ya riƙe sashe guda a ma'aikata, ashe shekara da shekaru ɗan haya ne a cikin kayansa, yana ta taƙama. Na yi dariya har da hawaye, ita ce dariyata ta farko tun rasuwar. Goggo ta ɗago daga carbinta ta harare ni, sannan ta ce ita ba ta taɓa ganin abin da aka saya da kuɗi yana tambayar mutane izini ba, wannan ai rashin tarbiyya ne.

Kada wani a cikinku ya ce ban nemi wata hanya ba. Mun kwafi bidiyo ɗaya muka sa a talabijin, hoto ya fito, murya babu. Hadiza ta ce kwamfutar ofishinsu ita ma a kulle take, can ma 'yar haya ce. Ta kira wani mai gyara a Doka, ya ce a kawo, zai gwada, in ta ƙi sai a wanke ta gaba ɗaya a sake zuba komai. Ina jin kalmar wankewa na ce a'a. Goggo kuma ta ce ko tsinke ba zai fita gidan nan ba sai an raba gado, a nan kuwa gaskiyarta ne. Hanya ta rage guda ɗaya, sai na yi abin da na saba, na ce wa Hadiza ta tambayo yayanta.

A lokacin ya riga ya rage zuwa. Ɗakin da yake shiga ya yi dariya an rufe shi, abin da ya rage masa a gidan shi ne durƙuso a bakin ƙofa da uwa mai kallon talabijin. Kayan abinci ba su yanke ba, matarsa ke kawowa, amma shi Juma'a sai ta zo ta wuce. Na lura, na kuma yi shiru, don ban san ta inda ake fara irin wannan maganar ba. Hadiza ta dawo ta zauna tana wasa da mayafinta.

"Mama, ya ce kwamfutar a ɗakinki take, lambarsa kuma tana cikin wayarki."

"Abin da ya ce ke nan?"

"Ya ce tun yana yaro ake aiko masa da saƙonki ta hannun mutane. Ya ce ya gaji da karɓa."

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Goggo ta fi ni. Ta ce yaran yanzu sun ga gadon barcinmu, ina aka taɓa jin uwa ta nemi ɗan fari da bakinta, a bar shi da kalmar tasa ya dafa ya ci. Ta ce ita ma ai 'yar fari ce, Innarsu har ta koma ga Allah ba ta ambaci sunanta ba, me ya rage ta da shi? Ni kuma da tambaya ba ta barina zaman lafiya, sai na ji bakina ya riga ni.

"Goggo, ba ki taɓa son ki ji ta kira ki ba? Ko sau ɗaya?"

Ta ja carbi ta ja, har na ɗauka ba za ta amsa ba.

"So ba ya cikin maganan nan, Lami. Abin da aka tarar shi akan yi."

Ba ta ce a'a ba. Na riƙe wannan a raina.

Duk da haka ban sauko nan da nan ba. Na ce tun da kalma ce, zan cinko ta. Na zauna na yi ta gwadawa. Na sa sunan matarsa, na sa na 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, na sa lambar motarsa ko ya gaji babansa. Na sa ƙungiyar ƙwallon da yake so, na sa laƙabin da abokansa na sakandare ke kiransa da shi, na sa dambu, wanda nakan yi duk Juma'a in ce sha'awarsa nake alhali ni ba ya zauna mini a ciki. Hadiza tana gefe tana kallon abin da nake bugawa, can ta ce, Mama, ina kika san duk wannan? Na ce ina zan rasa sani, ɗana ne. Ta ce wallahi Yaya bai san kin sani ba, shi a ganinsa ko makarantar da ya gama ba za ki iya faɗa ba. Wannan magana ta fi saƙon nasa shigata. Duk abin da na sani game da shi ta bayan labule na tara shi, na adana, ina jin daɗina ni kaɗai, ban taɓa tambayar kaina ko ya isa wurin mai shi ba. Ga muryar uban tana zamewa daga kunnena, ga ɗan yana zamewa daga gidan, ni kuma ina zaune ina cacar kalmomi da akwati.

Na kira shi wata Talata bayan la'asar, Goggo tana zaune a kan dardumarta ba nisa da ni. Ban tashi na shiga ɗaki ba, don na ga in zan yi abu gara in yi shi a gabanta da ta ji a bakin wani.

Abin da ya biyo baya kun sani. Kafin magariba ya iso, ya zauna a ƙasa kusa da kujerata, ya buga kalmarsa, wadda ashe tarkacen haruffa da lambobi ce da ko shekara zan yi ba zan cinko ba. Ya cire tsohuwar manhajar, ya saka sabuwar, ruwan shayi bai tafasa ba aka gama. Muryar babanku ta cika falon nan yana maimaita faɗansa da wani direban tifa da ya mutu tun kafin a haifi Hadiza, muka yi kuka muka yi dariya. Kafin ya tafi ya buɗe mini suna a kwamfutar ya mai da ni admin, ya ce saura in fara danna maganin ciwon gwiwa.

Kun kuma san abin da na biya. Goggo ba ta ƙarasa takabar tare da ni ba. Ba ta yi faɗa ba, ta dai haɗa kayanta ta ce ƙafarta na son gida. A Zariya har gobe ni ce wadda boko ya cinye wa kunya, in na shiga gidan biki sai tsofaffi su taɓa juna. Goggo ta ci gaba da amsa gaisuwata har ta rasu, amma hirar da muke yi ta da ba ta dawo ba, kuma wannan yana ci mini rai har yau. Ban yarda wani a cikinku ya yi mata dariya ba. Abin da aka hana ta shi ta tsare, da ta yarda cewa ana iya bari, da sai ta tambayi kanta don me aka hana ta. Ban kuma ce muku al'adar banza ce ba. Uwata ta so yayana fiye da mu duka, kowa ya sani, har shi. Bambancin kawai shi ne nawa ɗan bai sani ba.

Abin da ba ku sani ba shi ne abin da aka faɗa a wayar, don Hadiza ba ta nan, shi kuma na san ba zai faɗa ba. Na nemo Na Kurmin Mashi na danna. Bugu ɗaya ya ɗauka, ya yi sallama da muryar wanda ke jiran mummunan labari, ya ce lafiya? Na ce lafiya lau, kwamfutar nan ce. Na shiga yi masa bayani kamar ina gaban shugabana a ofis, na danna kaza, ta ce kaza, na sake danna kaza. Ya saurara bai katse ni ba. Da na kai ƙarshe ya ce in sake danna sabuwar manhajar yanzu in karanto masa abin da akwatin ya rubuta. Na danna, allon ya dushe, na karanta masa tun daga sama har inda aka ce a saka kalmar sirrin admin, na tsaya.

"Ta wa, Mama?"

"Ta admin ɗin."

"Sunaye biyu ne a kwamfutar. Wanne ya nuna miki a ƙasa?"

Shi ya saita ta da hannunsa, ya fi kowa sanin wanne ne. Na dubi Goggo, carbinta ya tsaya. Na dubi allon. 

"Sulaiman," na ce.

 Ina jin fankar ofishinsu tana juyawa, ina jin wani yana jan kujera can nesa, har numfashinsa ina ji. Tun da nake waya ban taɓa samun layi mai kyau irin na ranar ba.

"Mama," ya ce, "layin ba shi da kyau. Sake faɗa."

Na sake faɗa.